Ranar da aka kai ta juji

Bazara ce, irin wadda ruwan rijiya yake gudu ƙasa sai an ƙara wa guga igiya. Shekarar nan ba a yi yunwa ba, ba a kuma ƙoshi ba. Haka dai ta wuce, kamar miyar da aka manta gishirinta. Zamanin Faransawa ne, kwamanda, Baturen mulki, yana zaune Magarya, kuma dogaran sarki sun zo ƙauyenmu sun ɗebi maza zuwa aikin dole na hanya. Mijina yana cikinsu. Ya tafi ya bar ni da tsohon ciki, ni da mahaifiyarsa.

Ƙauyenmu ba shi da nisa da Dungas. A can mijina ya yi aikin ban ruwa a lambun Turawan mishan, a can kuma ya zama mai bin Almasihu, ni ma na bi bayansa. Surukata tana nan a kan sallarta. Ba ta taɓa hana mu zuwa majami'a ba, ni kuma nake cika mata buta. Inna nake ce mata.

Kafin wannan ciki na haifi uku, babu wanda ya kai yaye. Na farko na yi kuka har muryata ta dushe. Na biyu na yi kuka kaɗan. Na uku kuwa, da aka fita da shi, tsintsiya na ɗauka na share ɗaki, don na ga ƙasa ta shigo. A bakin rijiya mai wabi ake kirana, wato wadda ƴaƴanta ba sa zama. Ba da mugunta ake faɗa ba, kamar yadda za a ce wance doguwa ce.

Sai na haifi mace. Ungozoma ta miƙo mini ita, na karɓa na sa ta a nono, idona yana kan bango. Haka na ci gaba da yi. Ina shayar da ita, ina juya ta in ta yi kuka, amma ban dubi fuskarta ba. Na riga na san abin da ake yi da fuskar da aka sani. Inna ce take mata wanka.

Kafin suna Inna ta shigo ta zauna a bakin gado.

"Ƴar nan, wannan karon sai mun kai ta juji."

Na san al'adar. Ana ɗaukar jaririn mai wabi a ajiye a kan juji kamar an yar da shi, wata tsohuwa ta zo ta tsinta, uwar kuma ta ce ba ta so. Wai abin da yake ɗauke yaran in ya ga ba a damu da wannan ba, zai wuce. Daga nan ba a yaba yaron, ba a yi masa ado, tsumma ake sa masa har ya yi ƙwari.

"Limaminmu ba ya so, na san naku malamin ma ba zai so ba," in ji Inna. "Amma su ba su ne suka wanke gawar ukun nan ba."

Na ce, "To, Inna."

Da hantsi aka yi. Inna ta sa ta cikin wata tsohuwar ƙwarya mai tsagewa, ta kai ta jujin bayan gida inda muke zubar da toka da ɓawon gyaɗa. Ni ina tsaye a bakin darni. Kaji suka matso, Inna ta kore su da gefen zane. Tsohuwar da aka shirya da ita, mai daddawar unguwarmu, ta ɓullo tana dogara sanda kamar wucewa take.

"Yau kuma wa ya zubar da shara mai ƙafafu?" in ji ta. "Ke mai jego, taki ce?"

"Ba tawa ba ce."

"Dube ta dai da kyau, kada in kai gida ki biyo ni da kuka. Ni ko akuya na tsinta ba na mayarwa."

Matan da suka leƙo suka yi dariya ƙasa-ƙasa.

Na ce, "Ba na so."

An gaya mini mata da yawa a nan suke kasawa, sai wata ta faɗa a madadinsu. Ni ban kasa ba. Maganar ta fito sumul. Tsohuwar ta ɗauke ta, ta zagaya ta ƙofar gida ta kawo wa Inna, wai ga tsintuwa a taya ta riƙo. Na koma ɗaki na sha kunun kanwa, har na suɗe ludayin.

Washegari matar malamin majami'armu ta zo yi mini kitson suna. Mutuniyar wajen Kano ce, ta girme ni, Yaya nake ce mata. Labari ya riga ya kai mata, na kuma ɗauka faɗa za ta yi. Ta gaida Inna har ƙasa, ta zaunar da ni a tsakanin ƙafafunta, ta kwance mini ɗankwali.

"Wannan kai ne ko gonar da aka gudu aka bari?" in ji ta. "Rabonki da mataji tun yaushe?"

"Na manta, Yaya."

Ta shafa man shanu, ta fara tsefewa a hankali. Gashin ya cukurkuɗe, yana zuba a kan cinyata. Jaririyar tana kwance a tabarma kusa da mu cikin tsummanta. Can na ji bakina yana cewa:

"Da na ce ba na so, ba ƙarya na yi ba."

Hannunta bai tsaya ba.

"Na ji," in ji ta.

"Ba na jin komai, Yaya. Ko addu'a in an yi, kamar ana daka a wani gida."

"Juya mini nan." Ta karkata kaina ta ja tsaga. "Ke kika ce ba kya so. Shi wanda ya halicce ta bai ce ba. Jiya da tana kan tokar nan, kina tsammani ya kau da kai ne saboda wari?"

Ta kama gashin ta fara kitsawa.

"Ba sai kin so ta ba tukuna take da daraja. Da abinta ta zo. Ukun nan ma bai manta da ko ɗaya ba, ya san su fiye da yadda kika san su." Ta tattara gashin da ya zuba ta dunƙule. "Kin ga wannan? Ni da nake tsefewa ban san yawansa ba, kuma ba zan zauna lissafi ba, ina da tuwo a gida. Shi ya sani. Wanda ya kula da wannan, ke ce zai bari a juji?"

"Ba ni aka kai ba ai."

"To," in ji ta. "Sunkuya."

Inna tana bakin murhu, duk tana ji. Da Yaya ta tashi tafiya, sai ta ce, "Malama, in yarinyar nan ta tafi, ke za ki zo ki wanke ta?"

"Zan zo, Inna. In ta zauna ma zan zo, ni zan yi mata kitson farko."

Ba zan ce wani abu ya buɗe a ƙirjina ba. Yanzu da na koyi rubutu a ajin manya, jikokina suna so in ce na yi kuka a ranar. Ban yi ba. Kaina dai yana zafi saboda kitson ya ɗaure, kuma na lura rabona da jin zafin wani abu ya daɗe.

Da safe na riga Inna tashi. Na ɗora ruwa, na sirka, na ɗauko yarinyar na yi mata wanka da kaina. Na kwantar da ita a cinyata, na ɗauko tandun kwallina. Ba a sa wa jariri kwalli ana kallon bango. Na riƙe goshinta, na buɗe idon da ɗan yatsa. Girarta a haɗe take kamar ta ubanta, kuma tana da wani ɗan baƙin tabo a ƙasan kunne.

Inna ta fito da butarta, ta tsaya a kanmu. Na jira ta ce in goge. Ta daɗe tana dubawa.

"Na hagun ya yi yawa," in ji ta.

Na lashi yatsa na rage, na koma kan na dama.