Ƙusoshin Birkin Motar Baba

Ana gobe kasuwar Kazaure, a ƙarshen daminar shekarar da gwamnati ta buɗe makarantun firamare kyauta ga kowa, na dawo daga makaranta na tarar da motar Baba a ƙofar gida an cire mata tayar gaba, an tokare ta da turmin Inna. Baba yana durƙushe a gefenta, gumi ya jiƙa masa riga, bayan hannunsa duk jini inda sifana ta kuɓuce ya daki ƙarfe. Hadari ya haɗo ta gabas tun hantsi, ya ƙi zuba ya ƙi washewa, gari ya yi tsit, ko kajin gidanmu ba ka jin motsinsu. Na gaishe shi bai ji ba. Mutumin da kullum yake tare ni da tsokana, wai 'yar boko an dawo daga ofis, ranar ko ɗago kai bai yi ba.

Gidanmu gidan maƙera ne, a wani ƙauye cikin duwatsun bayan Roni. Kakanmu maƙeri, Baffa yayan Baba maƙeri, Baba kaɗai ya bar zuga-zugi ya kama tuƙi. Da ƙarar uwar maƙera muke tashi, da ita muke surfe, da ita muke ɗebo ruwa a rijiyar bakin fadama. Da rana mu tafi korar tsuntsaye a gonar gero da gwangwani da tsakuwa, da yamma mu yi 'yar carafke a ƙofar maƙera har Baffa ya daka mana tsawa. Baffa mutum ne mai kwarjini, ba ya maimaita magana. Shi ya goyi Baba bayan rasuwar uwarsu, shi ya yi masa aure, don haka ko da Baba yake da 'ya'ya, Baffa "kai yaro" yake ce masa, shi kuma ya rusuna ya ce "Na'am, Yaya."

Motar tsohuwa ce mai dogon baya, ita kaɗai ce a ƙauyen, ita ke kai mutane kasuwa. Duk daminar nan ta sha ruwan gulbi da taɓo, ga shi birkinta ya fara wani kuka mai tayar da tsigar jiki. Birkin gaban faifan ƙarfe ne, da wani ƙarfe mai kamar baki da ke cije shi idan an taka, bakanikai suna ce masa kalifa. Ƙusoshi biyu ke riƙe da shi, kuma sai an kwance su za a sa sabon takalmin birki. To, ƙusoshin nan ne tsatsa ta cinye suka kafe. Baba ya zuba musu kananzir, ya bubbuga da guduma, ya zura wa sifana bututu ya hau kai da duk nauyinsa, wallahi ko gezau. Kan ɗaya ma ya fara siɗewa. Sai ya goge hannu ya ce wa Inna zai bar su su sha kananzir, gobe ya hau keke ya ɗauko wani bakanike Bayarabe a Kazaure, kasuwar wannan makon a haƙura.

Ashe Baffa yana jinsa. Ya fito daga maƙera yana karkaɗe toka, ya ce, "Ƙarfe ya gagara a gidan maƙera, har a ɗauko baƙo? Kai yaro, kawo min kasko da gawayi."

Baba ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, akwai roba a cikinsa, ba ya son wuta."

"Ni za ka koya wa wuta?"

Shi ke nan, Baba bai ƙara ba. A gidanmu ƙane yakan faɗi magana sau ɗaya, in ya maimaita ya zama rashin kunya. Da hannunsa ya kawo kaskon, da hannunsa ya tura shi ƙarƙashin mota. Baffa ya zauna ya kama zuga, wuta ta tashi tana lasar ƙarfen, maƙwabta suka taru suna kallo. Ni dai abin da nake ji shi ne wari, irin na takalmin roba idan ya faɗa murhu. Na dubi Baba na ga shi ma ya ji, don hancinsa ya motsa, amma bakinsa a rufe. Da ƙusoshin suka yi ja, Baffa ya ɗauki buta ya sheƙa musu ruwa kamar yadda yake yi wa fartanya. Tururi ya tashi, ya sa sifana ya murɗa, ƙusar farko ta saki da wata ƙara kamar an taka kare. Ta biyu ma ta bi ta. Mutane suka ɗauki kabbara, wani tsoho ya ce, "Maƙeri dai maƙeri ne!" Baffa ya miƙe ya ce a sanar da 'yan kasuwa mota za ta tashi da safe, shi ma zai kai lauje da magirbi tun da kaka ta matso.

Sababbin ƙusoshi sai Kano, don haka waɗannan da suka sha wuta Baba ya mayar, sun yi wani baƙi-baƙi mai shuɗi. Daga nan ya kira ni in taka masa birki, aikin da na saba tun da ƙannena maza ba su kai ba. Na zauna a bakin kujera, yana cewa taka, riƙe, saki, ina yi. Da farko birkin ya yi tauri. Da na riƙe shi na ɗan jima, sai na ji yana sulalewa ƙasa a hankali ƙarƙashin ƙafata, kamar na taka jiƙaƙƙiyar ƙasa. Na ce, "Baba, yana nutsewa." Baffa yana zaune a kan buzu, bai fi taku kaɗan ba. Baba ya ce, "Ƙafarki ce ƙarama, Uwani, sauko." Amma na ga idonsa, kuma tsoro ne a ciki. Ban taɓa ganin tsoro a idon ubana ba sai ranar, tuwon yamma ma kasa ci na yi. Inna ta ce masa ya ce zazzaɓi ya kama shi mana, ya fasa fita da motar. Ya ce duk garin ya ga aikin Yaya, idan motar ta kwana biyu a ƙofar gida kowa ya san abin da ake nufi.

Da safe hadarin nan yana nan. Mota ta cika da mata da ƙwaryar nono da kaji, Baffa a gaba da damin laujensa, ni a matse a baya don makarantarmu tana kan hanya, a gindin gangara. Gangarar nan doguwa ce tsakanin duwatsu, a ƙarshenta akwai 'yar siririyar gada. Baba ya yi ta tafiya a hankali har mata suna masa tsiya ko kunkuru ya saya. Da muka kai kan gangara ya tsaya, ya ce kaya sun yi nauyi, kowa ya sauka ya taka da ƙafa. Aka sauka ana gunaguni. Baffa bai motsa ba, ya gane sarai. Ya ce, "Aikina ne, ja mu tafi."

"Yaya, don Allah ka sauka."

"Na ce ka ja."

Sai Baba ya zagayo ya buɗe ƙofar, ya ɗaga murya a gaban mata da yara ya ce, "Yaya, sauka!" Baffa ya dube shi, sannan ya sauko a fusace.

Har yau haushi nake ji da bai bar motar a nan ba. Ya koma ya ja ta shi kaɗai, yana sa ran giya ta ɗaya za ta riƙe ta. Ta riƙe ɗin zuwa tsakiya, sai muka ji ƙas, wani abu ya karye, motar ta zabura. Akwai yara 'yan makarantarmu a kan gadar. Ina kallo Baba ya karya kan mota ya saka ta cikin duwatsu.

Baffa ne ya riga kowa isa, tsoho da shi, ba hula ba takalmi. Shi ya jawo Baba, ya saɓa shi a baya ya hau da shi titi yana kiran sunansa na yanka, wanda ban taɓa ji a bakinsa ba. Baba ya rayu, amma a asibitin Kano aka yanke ƙafarsa ta dama daga gwiwa. Bai sake tuƙi ba. Baffa ya ƙera masa sandar ƙarfe mai matokari a hammata, ya naɗe ta da fata, da ita Baba ya yi yawo har ya koma ga Allah. Kullum da yamma a akushi ɗaya suke cin tuwo, kuma ban taɓa jin ɗayansu ya ambaci gangarar nan ba.

Yanzu an shimfiɗa wa gangarar kwalta, ƙusa kuwa waya kawai za ka buga ɗan acaɓa ya kawo maka kafin azahar. Jikokina suna musu da iyayensu ido cikin ido, wani lokacin raina ya ɓaci, wani lokacin in ce gara haka. Ina kewar mutanen nan biyu da irin ƙaunar da ke tsakaninsu, wadda ba a faɗa da baki. Amma da ma Baba ya faɗi maganarsa sau biyu.