Jakin da Ya Tona Asirin Saura-Ɗaya

Kafin a laƙaba masa Saura-Ɗaya, sunansa Mutari, mai amalanke ne a Bazaga. Allah ya jiƙansa, mutum ne marar hayaniya, ko goro bai dame shi ba. Amalanken nasa ne, amma jakin na matarsa Barira ne, gadon ubanta, kuma ba ta bari a manta.

Wata Laraba da damina, ruwa ya tsare shi a Konni. Ya fake a wani ɗan buro inda wani yaro, Abdurrahaman, ke buga wa mutane takardu da odinatar, wato kwamfuta. Babu aiki, sai Abdurrahaman ya kunna wasa. Mutari ya leƙa. Ga mutane ƙanana kamar kiyashi cikin gilashi, suna noma, suna gina gari, can gefe maƙiya na shirin kawo musu yaƙi.

"Waɗanga bayin Allah, wa ka ci da su?" in ji Mutari.

"Wanda ya riƙe ɓeran nan." Abdurrahaman ya ɗora masa hannu a kan wani ɗan abu mai wutsiya.

Aka ɗauke ruwa, ƙasa ta bushe, Mutari na nan zaune. Bai san faransanci ba, amma ya san rumbu in ya gan shi. Don haka rumbu yake ginawa, rumbu bayan rumbu, soja ko ɗaya babu. Maƙiya su zo su kwashe, ya yi salati, ya sake. Har ya taɓa tambaya ta ina ake fitar da zakkar geron. In aka ce ya tashi ga mai takarda, sai ya ce, "Saura ɗaya." Salla kam yana zuwa, sai dai liman na sallamewa takalmansa na hannu.

Waken da Barira ke ba shi ya kai kasuwa ya fara dawowa gida yadda ya tafi.

"Baban Balki," in ji ta, "jakin ga ya rame, kai ka rame, wake ne kaɗai bai rame ba. Ran da na gano inda kake wuni, in kwance abina in kai ma ƙanena. Sai ka ja amalanken da kanka."

Da Laraba ta zagayo, ta haye kan buhuna ta zauna. Mutari ya ƙudurta zai wuce buron ko kallo babu. Jaki bai san da wannan shawara ba. Suna isa ya ratse, ya nufi gindin itacen bedin ƙofar buron inda ake ɗaure shi, ya tsaya cik. Mutari ya ja, ya tura, ya yi masa raɗa a kunne. Sai ga Abdurrahaman a bakin ƙofa.

"Saura-Ɗaya! Yi maza, sun iso rumbunanka!" Sannan ya ga Barira. "A'a, Inna, sannu da hanya."

Ta sauko ta shiga, Mutari na biye, igiyar jakin na masa yawo a rai. Ta daɗe tana kallon gilashin.

"Wane marar wayo ya gina rumbu bayan gari, ko shinge babu?"

Sai ta nuna abin da ke hannun Abdurrahaman.

"Wanga mai wutsiya fa?"

"Ɓera sunansa, Inna."

"Kun ba ɓera tsaron rumbu, kuna mamaki. Matsa, Baban Balki."

Ta naɗe hannu da bakin mayafi, ta yi bismilla, ta kama abin.

Mutari ya tafi kasuwa shi kaɗai, ya sayar da waken kaf. Da ya dawo bayan la'asar, garin cikin gilashin ya samu ganuwa, rumbuna na ciki, maƙiya na zagaye a waje kamar awaki.

"Barira, rana ta yi sanyi, hanya da nisa."

Ba ta ko juyo ba. "Saura ɗaya."

Jaki dai bai je gidan ƙanenta ba, don dole a samu mai kai ta Konni duk Laraba. Mutari ya ƙare shekarunsa a gindin bedin nan, shi da jakin, suna jira. Sunan kuwa shi ya bi har kabari, alhali ita ta fi faɗinsa.