Irin Innarmu a Bayan Bashe

Da sunan Allah na fara. Isuhu auta, saƙonka ya iso, kana tambaya wace mota za ka saya in ka komo gida. Ni ban san baƙi ba, mushen lakwal, malamin makarantar boko, ke riƙe da alƙalami, na kuma hana shi gyara mini magana. Amma shekara ashirin na yi ina saida tuwo a tashar Mayahi, kukan mota bai ɓace mini. Ga tafiyar da na yi Urafane, ka saurara, amsarka tana ciki.

Ka san damina biyu ta ƙi mu a jere. A Gidan Amumune mun cinye hatsi, mun cinye dusa, daga ƙarshe muka buɗe tulunan iri muka daka. Jar dawar taimako da sojoji ke rabawa tana riƙe rai, amma ba ta shukuwa a yashinmu. Sai ƙanena Habu, kawunka, ya aiko daga Urafane cewa yana da sauran gajeren geron nan na innarmu mai saurin nuna, in zo in ɗauka kafin hadari ya taso. Gidaje tara na unguwarmu ba su da abin shukawa sai abin da zan kawo.

Gidan Amumune zuwa Mayahi

Bayan sallar asuba, shida saura kwata a agogon direba, na hau kamiyon da ya kawo dawar taimako zai koma fanko. Dala sittin. Manyan motocin nan yanzu duk gwamnati ta ɗauke su haya, ba su zuwa kasuwa kamar da, sai dai ka tare su a kan hanyar komawa.

Mu kusan talatin ne a baya. Wasu da gadaje, wani da ƙyauren ɗakinsa ya ciro zai kai kasuwa. Kamiyo in babu kaya tsalle yake kamar maraƙi, haƙorana biyun da suka rage sai da suka gaisa. Sau ɗaya kawai ya kafe a yashi, aka sa masa faranti na ƙarfe ya fita. Ƙarfi kam akwai. Amma na duba daɓen, baƙi ƙirin da gazuwal, man manyan motoci, duro biyu na zuba a kusurwa. Na shafa hannu na sunsuna. Na ce a raina, irin innarmu ba zai kwanta nan ba. Tara da rabi muka shiga Mayahi, kilomita arba'in da ƴan kai in ji direba.

Mayahi

Tashar ta sake. Inda nake kafa tukunyata, bashe uku ne aka ɗora bisa duwatsu, an cire tayoyi, ana jiran mai saye. Bashe, in ka manta, ita ce ƙaramar motar nan mai buɗaɗɗen baya da rumfar tampol, wadda ta yi shekaru tana ɗaukar mu da awakinmu. A gabansu fararen bas sababbi sun jeru, waɗanda ake kira sha-bakwai don yawan kujerunsu.

Ɗan Jimma kamasho, taubashina, ya hango ni.

"Kai, uwar tasha ba ta mutu ba! Yunwa ma tsoronki take."

"Kai ta bari, don ba nama a jikinka. Ina masu waɗannan?" Na nuna bashen.

"Sun saida, sun tahi kudu. Wa ke son zama da akuya yanzu, ga mota da tagogi? Tanimu kaɗai ya rage, shi ma ciniki ake."

Tanimu tsohon direba ne, ya ci tuwona tun gemunsa na baƙi.

Mayahi zuwa Tasawa

Sha ɗaya muka tashi a sha-bakwai, dala ɗari. Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi: motar ta burge ni. Kujera mai laushi, ba ƙura, ba rana. Ni da ban taɓa rufe ido a mota ba, sai ga ni ina gyangyaɗi. Kaya duk a bisa rufi suke, an ɗaure da igiya, ba abin rufewa.

Shingen jandarma ya tashe ni. Aka sauke duk wani buhu. Wani mai igiya biyu a kafaɗa yana soka ƙarfe mai rami cikin kowane, yana duba abin da ya zubo. Doka ce, wai hatsi ba ya ƙetare iyakar gari sai da takarda, don maganin masu ɓoyewa. Wata mata da rabin buhun gero ta rantse na ƴaƴanta ne. Aka ce ta zauna da buhunta har babba ya zo. Muka tafi muka bar ta a gindin aduwa. Barci bai sake ɗaukata ba.

Ɗaya da kwata muna Tasawa. Na sauka gidan Rakiya ɗiyar yayata. Tuwon jar dawa da miyar tafasa, ta yi ta ba ni haƙuri, na ce ta yi shiru, a garinmu wannan abincin biki ne.

Tasawa zuwa Urafane

Washegari bakwai na safe na shiga ƙaramar mota irin ta ma'aikata, wadda wani ya mai da ta ta haya. Mu tara aka cusa. Direban, saurayi mai tabarau, ya dubi ƙullina ya ce, "Inna, wanga bisa cinya za ki riƙe shi, motata ba jaki ba ce."

"Da jaki ce da ta fi sanin hanya," na ce.

Ban yi ƙarya ba. Cikinta ƙasa-ƙasa yake, duk tudun yashi sai ya kama ta. Sau biyar muka sauka, maza na turawa, mata na bi a ƙasa. Kusan rabin hanyar nan da ƙafata na yi ta, ga dala tamanin na biya. Wannan motar ta kwalta ce da mutum mai jakar takardu. Azahar muka isa.

Urafane

Habu ya rame har sai da na kau da kai. Ya kai ni bayan ɗaki, ya buɗe ɗan rumbun da ya liƙe da laka tun bara waccan. Ga zangarniya nan gajeru, cike, an barbaɗe su da toka kamar yadda innarmu ke yi. Iyalinsa sun yi wata uku suna cin ganye, rumbun nan na bayansu, bai fasa ba.

"Yaya, bari a sussuke miki a zuba a buhu, ya fi sauƙin ɗauka."

"Kada wanda ya taɓa. Gero a buhu abinci ne, jandarma zai soka masa ƙarfe. Gero a zangarniya da toka, ko ɗan wa ya gani ya san iri ne."

Muka naɗe su cikin tabarmi biyu, kowane ƙunshi ya kai girman yaro ɗan shekara goma. Na kwana biyu ina jiran ranar kasuwarsu, don ita kaɗai ke kawo mota.

Komowa

Ranar kasuwa mota biyu ke lodin Mayahi ta hanyar daji, ba sai an bi Tasawa ba: sha-bakwai fara tas, da bashen Tanimu, an ɗaure ƙofarta da waya. A nan na yi wautar da nake jin kunyar faɗa. Bayana ya tuna da kujerar nan mai laushi. Na biya kuɗin sha-bakwai, na bari aka jefa tabarmina bisa rufi, na shiga na zauna kamar matar sufurufe mai mulkin gunduma.

Ina zaune sai iska ta shigo ta taga, daga gabas, da ɗan sanyi a cikinta. Na leƙa. Gindin sama ya yi duhu kaɗan, kamar an shafa shuni. Iri in ya jiƙe a cikin tabarma, kwana biyu ya isa ya tsira ya ruɓe. Na fito.

"A sauke mini kayana," na ce wa direba.

"Inna, an riga an ɗaure! Shekara biyu ba a yi ruwa ba, yau za a yi don ke?"

"Sauke, na ce."

"Kuɗinki hwa ba su komowa."

"Ka sayi tampol da su."

Fasinjoji suka yi ta tsaki, wani ya ce tsohuwa ta ruɗe. Na ja tabarmina zuwa wajen Tanimu. Ya dube ni, ya dubi gabas, ya ce, "Uwar tasha, shiga can ƙurya, nan ne tampol bai huje ba." Ya ce wannan ce tafiyarsa ta ƙarshe, wani mai gidan burodi a Maradi zai sayi motar ya riƙa ɗaukar itace.

Biyu da rabi sha-bakwai ta wuce mu da gudu, yaran ciki na ɗaga mana hannu. Mu muka tashi uku saura, mutum goma sha huɗu da awaki shida.

Awakin nan, Isuhu, ban sa su a lissafi ba. Yunwa ta ci su, suka ji ƙanshin gero. Wata ja mai karyayyen ƙaho ta sa baki ta yage gefen tabarma. Na haye bisa ƙunshin biyu na zauna, na cire takalmina. Daga nan har inda za ka ji, hannuna bai huta ba. Mai akuyar ya ce, "Inna, a hankali, ta saidawa ce." Na ce, "To riƙe ta, in ba haka ba fata za ka kai kasuwa."

Wata yarinya mai goyo da ke gabana ta ga zangarniyar da ta leƙo. Ba ta roƙa ba, kallo kawai take. Wannan ya fi akuya wuya. Na kwance ƙullina na ba ta garin rogo da ƙuli-ƙulin da Rakiya ta ɗaura mini, duka. Na tura zangarniyar ciki.

La'asar muka iske shingen jandarma a mararraba. Jandarman yaro ne, bai fi ka ba, da ƙarfensa a hannu.

"Mi ke cikin wanga, tsohuwa? Sauka."

Na sauka, na kwance da kaina. Ya ɗaga ƙarfen, ya ga babu inda zai soka. Ya ɗauki zangarniya guda, ya busa tokar, ya murza ƙwaya da babban yatsa kamar yadda manomi ke yi. Ya daɗe yana kallonta.

"Takarda hwa?"

"Ba ni da ita. Gidaje tara ke jiransa."

Ya waiwaya wajen bukkarsu, babbansu na kwance ya rufe fuska da hula. Ya rage murya ya ce, "Tsohona ma ya cinye nashi."

Na zaro uku na miƙa masa. "Ba na dakawa ba ne. In na ji ya shiga turmi, Allah ya isa."

Ya cusa su cikin riga, ya ɗage sandar.

Ba mu yi rabin awa ba iska ta taso, sannan ruwa ya sauko kamar da ƙwarya. Maza a cikin motar suka yi ta kabbara, mai akuya na kuka yana dariya. Ni ban samu sukunin murna ba. Ƙuryar da Tanimu ya ce ba ta huje ba, ta huje. Na tara ƙwaryata a ƙarƙashin ɗigon, yarinyar mai goyo tana karɓa tana zubarwa waje, na cire mayafina na lulluɓe tabarmin, na kifa a kai. Bayana ya jiƙe sharkaf. Bashe na tafiya a hankali, tana nishi, ba ta tsaya ba.

A gangaren gulbi, kusa da Mayahi, muka iske sha-bakwai. Ta nutse har ƙofa, kayan bisa rufi na zubar da ruwa, fasinjoji tsaye a gindin gawo. Tanimu ya kauce ta gefe inda ya san ƙasa na da ƙarfi, ya ƙetare, sannan ya tsaya ya kwashi mata da yara. Direban sha-bakwai ya gan ni. Daga baya na ji motar kwananta biyu a wurin.

Magariba muka shiga Mayahi. Na kwana a rumfar Ɗan Jimma, na tura hannu cikin tabarmi biyun har tsakiya. A bushe.

Mayahi zuwa gida

Sauran wahala ɗaya: laimar ruwan farko kwana biyu take, in ba a shuka ba an yi asararta, kuma ba motar Gidan Amumune sai ranar kasuwa. Da asuba na iske Tanimu yana zuba wa motarsa ruwa.

"Mai burodi na jirana yau, uwar tasha."

"Ya jira. Tuwo nawa ka ci a hannuna da ƙarin miya?"

Ya yi dariya har da tari. Shida daidai muka tashi, ni a gaba wannan karon, iri a baya ba akuya. Yashi ya kwanta, mota na tafiya kamar a daɓe. Takwas da rabi muka ga rumbunan garinmu. Mata na tsaye a bakin hanya da ƙore, maza sun riga sun fita da sungumi tun duhu suna sara ramuka, ba su san ko akwai abin zubawa ba. A nan ƙofar gida aka sussuke, aka raba gida tara. Kafin la'asar ya shiga ƙasa. Kwana huɗu ya huda, kore shar, layi-layi.

To ka ji. Kamiyo na gwamnati ne da manyan ƴan kasuwa, ƙaramar mota ta kwalta ce, sha-bakwai ta samu kasuwa kuma ban hana ka ita ba, in Maradi da Tasawa za ka riƙa bi. Amma in mu za ka ɗauka, da yashinmu da awakinmu, na hana Tanimu kai bashensa Maradi. Tana nan ƙofar gidanmu a ƙarƙashin bishiyar bedi, shi kuma yana jiranka har kaka ku yi magana. Ka taho da sabon tampol.

Godiya ga Allah da ya kai ni ya komo da ni, ya kuma sauko da ruwa. Allah ya saka wa Habu, da Rakiya, da Tanimu, da yarinyar da ban tambayi sunanta ba. Geron yanzu ya kai gwiwa.