Neman Dutsen Wuyan Amarya a Ƙala'at an-Nahal

Mun tashi da asuba daga Gadarif, ko shayi ban tsaya sha ba, ni da 'yar baffana wadda yaƙi ya koro daga Khartum. Ku da kuka saba ganin hotunan sarƙoƙi da 'yan kunnen da nake haɗawa kun dame ni da tambayar ina na shige kwana biyun nan. To ga inda na shige. Ku yi haƙuri da bakina, don har yanzu zuciyata tafasa take yi.

Bari in fara da abin da ya fitar da mu. Kakar kakanninmu da ta taso daga ƙasar Hausa da ƙafa za ta aikin hajji, ta zo da zaren duwatsun wuya, jajayen nan masu ratsin fari da tsofaffinmu ke kira tsakiya, Larabawa su ce sumit. A hanyar komawa ta tsaya a ƙasar nan, ta hayayyafa. Tun daga kanta, duk 'yar gidanmu da za ta yi aure ana zare mata dutse ɗaya a rataya mata ranar jirtik, ranar da ake yi wa amarya adon gargajiya, ita kuma ta ajiye wa babbar 'yarta. Nawa yana wuyan 'yata a Kasala. Na 'yar baffana a durowa ta baro shi a Khartum, ranar da ta fito da yara da mayafin jikinta kaɗai, kuma waɗanda suka leƙa gidan daga baya sun ce ko ƙyaure ba a bari ba. Ga bikin 'yarta ya matso. Ni kuwa tsofaffin duwatsu cike nake da su a gwangwanayen madara, shekara da shekaru ina tsinta. Na zube mata su a faranti na ce ta zaɓa. Ta ce na gode, amma ba na gidanmu ba ne. Ragowar zaren yana hannun Gwaggo, yayar iyayenmu maza, can Ƙala'at an-Nahal.

A tasha muka sami boksi, a-kori-kurar nan da ake jera wa benci a baya. Da direba ya faɗi kuɗin mota na ɗauka wasa yake, har na yi masa dariya. Bai yi dariya ba. Abin da bara zai kai ni ya dawo da ni, bana ko zuwa bai isa ba. Wai man fetur. Kowa yanzu man fetur, har mai kaza da ta yi ƙwai a tsakar gidanta. Muka biya, muka matsu tsakanin buhunan sukari da wata akuya da ta ƙudiri aniyar cinye gefen mayafina.

Hanya kuwa, Allah ya ba mu lada kawai. Kun san baƙar ƙasarmu: da damina ta riƙe mota, da kaka ta bushe da sawun taraktoci kamar an yi kunya a gona. Haka muka yi ta tsalle muna faɗowa. Amma ido ya sha kallo. Dawa ta yi kai iyakar ganinka, riɗi an yanke an jingina shi dami-dami yana shan rana, ma'aikata sun duƙa da lauje ba mai ɗago kai. A kowane shinge sai an sauke mu an duba katin shaida. Ni abin haushi yake ba ni, 'yar baffana kuwa da ta ga bindiga sai ta lalubo hannuna, in riƙe mata nata a ƙarƙashin mayafi. Wani daga cikin masu tsaron shingen ya buɗe jakata ya zaro 'yar filayata ta lanƙwasa waya, ya yi ta juya ta yana harara ta. Na ce masa 'yan kunne take yi, in yana da mata in auna ta. Ya mayar mini da sauri.

Da hantsi muka yada zango a wata rumfar mai shayi. Zalabiya mai zafi, 'yar'uwar fanke, da jabana, wato gahawa, mai citta da ta dawo mini da hankalina. A gefe mai agashe yana ta yi wa mutane Larabci, da ya ji muna Hausa sai ya washe baki ya ƙara mana yaji da albasa. Idon mai tsince-tsince ba ya hutawa: a murfin butar mai shayin na hango tsohon kwabo mai huda a tsakiyarsa, tun na zamanin Turawa, ta ɗaura shi da waya ya zama mariƙi. Na ciro 'yan kunne na azurfa da na haɗa da hannuna na ce mu yi musaya. Ta dube ni duban wadda rana ta taɓa, ta kwance mini. Kowa ya tashi yana ganin shi ya ci riba.

Bayan azahar duwatsun Ƙala'at an-Nahal suka bayyana. Garin duk ƙamshin riɗi, a bakin kasuwa raƙumi an rufe masa ido yana zagaya turmin matsar mai. Gidan Gwaggo da ƙyar na gane shi. Tsohuwar bukkarta ta ciyawa, mai sanyi ko da tsakar rana, babu ita. An gina mata ɗakin bulo da kwano, zafi kamar tanda. Aikin babban ɗanta ne, taubashina, wanda riɗi ya karɓe shi shekarun nan. Gaskiya ya tarbe mu. Ya yanka rago, aka kawo asida da miyar kuɓewa busasshiya, da kisra, siririyar wainar dawa, da kunun godogodo mai sanyi. Na faɗi alherinsa tun yanzu, don abin da ke tafe ba alheri ba ne.

Gwaggo kuwa yanar ido ta makantar da ita, da murya ta gane mu. Ta daɗe tana shafa fuskar 'yar baffana. Da muka gaya mata abin da ya kawo mu, sai carbinta ya tsaya a hannu. Can ta ce in jawo kumbo a ƙarƙashin gado.

Na buɗe. Jama'a! Duwatsu jajaye jawur, suna ƙyalli, kansu ɗaya kamar ƙwayar magani. Tun kafin in taɓa na yi shakkarsu. Na ɗora ɗaya a kumatuna, na ji ɗumi. Dutsen gaske ko a ɗaki mai zafi ya wuni in ya taɓa fata sai ka ji sanyinsa, hudarsa kuma a karkace take, zare ya ci gefenta shekara da shekaru. Wannan har da layin inji a cikinsa. Roba ce. Robar da ake sayar wa yara ranar salla.

Na fita da kumbon a hannu na sami taubashina a inuwa yana sakace.

"Yaya, ina duwatsun Gwaggo?"

Ko gezau bai yi ba. Ya ce lokacin da aka rushe bukka wani dillali ya zo da mota yana bi gida-gida, yana karɓar tsofaffin tasoshi da mundaye. "Duwatsun nan sun yi baƙi da dauɗa, wasu duk sun gutsure. Mutumin kirki, ya ba ni sababbi fil, har da ƙarin kulolin abinci. Kuma ai Inna ba gani take yi ba."

Ai Inna ba gani take yi ba! Wallahi da ba ɗan Gwaggo ba ne da kumbon nan a kansa zai ƙare. Amma taubashina ne, tsakaninmu ba a riƙe baki, na kuwa sake shi. Na ce baƙin da ka gani gumin wuyan kakanninka ne. Na ce gutsurewar nan a hanyar Makka aka yi ta. Matar da ta ratso daji da ƙafa, ta sha yunwa, ba ta sayar da ko ɗaya ba, kai da rumbunka cike ka bayar a kan kular abinci! Kular ma ta roba! Mutumin da in an cuce shi mudu ɗaya na riɗi sai gari ya ji, shi ne ya miƙa gadon gida gaba ɗaya yana godiya. Dillalin kuma, Allah ya isa. Ya san abin da ya ɗauka sarai. Irinsu sun cika gari tun da yaƙin nan ya fara, suna bin tsofaffi da 'yan gudun hijira suna kwashe abin da wuta ta bari.

Ya ce, "Ke dai kin cika son tarkace. Shi ke nan, zan saya wa yarinyar sarƙar zinariya."

Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan, da gaske yake, har zuciyarsa gani yake ya gyara. Na juya na ga 'yar baffana tsaye a bakin ƙofa. Ba ta yi kuka ba. Tun da ta zo daga Khartum ban taɓa ganin hawayenta ba. Cewa kawai ta yi, "Shi ke nan, mu koma." Da zagi ta yi da ya fi mini sauƙi.

Gwaggo ce ta kira mu daga ɗaki. Duk ta ji. Ta ce, "'Yar nan, rage murya. Tun ranar da ya sa su a kumbon na sani. Idona ne ya tafi, hannuna yana nan." Na ce to don me ba ki yi magana ba, Gwaggo? Ta ce, "Ɗana ne, don ya faranta mini ya yi. Mota kuma ta riga ta tafi. In kai ƙararsa wurin wa?"

Sai ta miƙo mini carbinta, na itace, ya yi sumul don tsufa. Ta ce in bi shi da yatsa. Ina bi ina bi, sai na ji sanyi. A inda ake raba ƙidaya akwai ɗan ƙaramin dutse, jan ya dushe, ratsin farin yana nan, hudar a karkace. Ashe da daɗewa zaren carbin ya taɓa tsinkewa, ɗan rabon ya ɓace, ta zaro ƙaramin cikin duwatsun ta sa a gurbinsa. Da ido ya tafi, sanyinsa ne ke gaya mata inda ta kai a tasbihi. Dillali bai gan shi ba, don carbin ba ya barin hannunta.

"Yanke," in ji ta.

'Yar baffana ta ce a'a, Gwaggo, da me za ki riƙa ganewa? Gwaggo ta ce, "Allah ya san lissafinsa. Yarinya ba za ta shiga ɗaki da wuya wayam ba ina raye."

Na yanke. Na zauna a tabarma na sake shirya mata carbin da zarena mai ƙarfi, ƙulli bayan ƙulli. Sarƙar wuyana, wadda kuka yi ta yabawa a hoton salla, na tsinke ta na ciro tsohon sumit ɗin da ke ƙasanta na sa a gurbin. Gwaggo ta murza shi, ta kai kumatu. Ta ce, "Ba shi ba ne. Amma yana da sanyi, zai yi."

Washegari da safe taubashina ya rako mu tasha da jarkar man riɗi da rabin buhun dawa. Ban yi masa magana ba. Man dai na karɓa, don shi bai yi mini laifi ba. Ya tsaya yana sosa ƙeya, can ya tambayi ko na san inda irin dillalan nan ke kai kaya. Na ce ya tambayi kulolinsa. Hanyar dawowa ta fi ta zuwa tsalle, kuɗin mota kuma ya ƙaru a kwana ɗaya, amma 'yar baffana ba ta ko lura ba. Ta ƙulle dutsen a bakin mayafinta ta damƙe. A shingayen ma wannan karon ba ta nemi hannuna ba.

La'asar sakaliya muka shigo Gadarif. Abin da tafiyar nan ta koya mini ba mai daɗi ba ne. Na yi zaton yaƙi da ɓarayi ne kaɗai ke raba mu da kayan kakanni, ashe ɗan gida mai kyakkyawar niyya da son sabo ya fi su saurin gamawa da su. In kuna da tsohuwa a ƙauye, ku je yanzu, ku buɗe kumbonta tare da ita, ku tambaye ta na wane ne, daga ina ya zo. In an ce za a gyara mata ɗaki, ku riga magina isa.

Ko wanka ban yi ba na zauna na zura dutsen a jan alharini, na yi masa 'yan ƙwallayen azurfa biyu a gefe don kada ƙanƙantarsa ta sa ya ɓace a wuya. Muka kira amarya mu gwada tsayin zaren. Uwarta ce ta ɗaura mata ta baya. Dutsen na taɓa fatarta yarinyar ta zabura ta ce, "Wayyo Umma, sanyi!"

'Yar baffana ta tsaya cak, hannunta a kan ƙullin. Ta ce, "Haka na ce nima, ranar da aka sa mini nawa."

Sai ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka, kukan da ta riƙe tun daga Khartum. Ba wanda ya ce mata ta yi shiru.