Ranar Da Alhaji Ya Kushe Motar Mamaci

Ni dai ban taɓa ganin abin so a jikin tsofaffin motocin Amurka ba. Dogon hanci, ƙofa biyu kacal, ga shan mai, ga ƙara mai tada unguwa. Maigidana kuwa, Alhaji, ya yi shekaru yana tura motocin hannu daga Faris zuwa Kwatano, amma waɗannan ba na sayarwa ba ne. Biyu ya ajiye a wani garejin haya a Bobigny, nan kusa da Faris, baƙa da shuɗiya, duk Lahadi yana can yana goge su. Nakan ce masa, "Alhaji, da ni kake kula da ni haka, ai da na koma yarinya." Sai ya ƙyalƙyale da dariya ya ce ni ba na tsatsa.

Sai aka yi masa aikin zuciya. Ya warke, likita ma ya ce ya warke, amma mutumin da ya dawo gida ba nawa ba ne. Ya miƙa wa ƙanensa harkar kasuwa, ya samu kujera bakin taga ya zauna. Gareji ko leƙe. Abinci sai na yi faɗa. Mutumin da bakinsa ba ya hutawa ya koma daga i sai a'a. Na ji tsoro, wallahi na ji tsoro, domin na ga yadda zama irin wannan yake cinye mazan da suka saba fita.

Wata safiya ina wanke-wanke na ji ya ɗaga murya. "Hajiya! Zo ki gani!" Na sheƙo da kumfa a hannu, na zaci ciwon ne. Ashe hoto ne a waya: wata jar mota mai fararen layuka biyu a hanci, an sa ta kasuwa a Lyon. Ya ce irinta sak ya fara gani yana ƙarami a Maradi, wani attajiri ya shigo da ita daga Kano. Sau ɗaya ya samu ya taɓa ta, direban ya make masa hannu. Yana ba ni labari idonsa na ƙyalli. Ni da na tsani motocin nan, ni na je na yanko mana tikitin jirgin ƙasa.

Muka sauka Lyon, gidan ƙanwata a unguwar Guillotière, da la'asar muka nufi bayan unguwar Vénissieux. Mai motar wata tsohuwar Bafaranshiya ce, 'yar firit, gashi fari fat. Ta buɗe gareji, ta yaye mayafin motar a hankali. Alhaji ya ƙura wa motar ido kamar zai haɗiye ta.

To amma ɗan kasuwa ɗan kasuwa ne. A wurinmu idan kana son kaya ba ka nuna wa mai shi, sai ka fara kushe shi kafin ka taya. Alhaji ya haɗe rai, ya zagaya motar, ya shuri taya da ƙafa.

"Madam, fentin nan ya gaji," in ji shi da Faransanci. "Kujerun sun tsufa. Gaskiya wanda ya riƙe ta bai san mota ba."

Tsohuwar ta jawo mayafin ta rufe motar, ta gyara gefe da gefe. Sannan ta ce, "Mijina ne ya riƙe ta. Ya rasu lokacin sanyin da ya wuce. Ba zan sayar maka ba." Ta ja ƙofar gareji.

A cikin taram, jirgin nan na cikin gari, yana ta muzurai, can ya ce, "Ai haka ake ciniki."

"Ciniki?" na ce. "Haba Alhaji! Ka shiga gidan makoki ka zagi mamaci a gaban matarsa, ka ce ciniki? Kasuwar Maradi ka ɗauka?"

Da muka isa ya ture tuwon da ƙanwata ta ajiye masa, ya ce, "Gobe mu koma gida. Ba rabona ba ce." Ya juya wa bango fuska. Na san in muka koma haka, kujerar bakin taga ce za ta karɓe shi, kuma wannan karon ban san abin da zai tada shi ba.

Da safe na haɗa dambu da zogale, na zuba a kwano, na tafi ni kaɗai. Da ta leƙo ta gan ni ta ɓata fuska. Na ce, "Madam, a ƙasarmu idan an yi rasuwa akan je a zauna da mai gida. Jiya ba mu gaishe ki ba, shi na zo yi." Ta daɗe tana kallon kwanon, sannan ta matsa na shiga.

Muka zauna a kicin. Ta ce mijinta ma'aikacin masana'anta ne, ya sayi motar tana gwangwani, ya gyara ta da hannunsa ƙusa bayan ƙusa. Ta ce ita kam ta sha masifa a kan baƙin mai a rigunansa. Na ce, "Ke ma?" Muka fashe da dariya, mu biyu, har tana share ido. A nan na gaya mata al'adarmu. Na ce mutumin nan da bai so motar ba, yabonta zai yi ya wuce, zagin nan so ne ya yi masa yawa. Na gaya mata aikin zuciya, da kujera, da tsoron da nake ji.

"Kawo shi," ta ce. "Amma ya sake shurin tayar nan, shi ke nan."

Alhaji ya zo cikin babbar rigarsa, ya tsaya bakin gareji kansa a ƙasa. "Madam, Allah ya ba ki haƙurin rashi. Jiya ƙarya na yi. Ban taɓa ganin motar da aka riƙe da amana kamar wannan ba. Tun ina yaro nake nemanta."

Ta ciro makulli daga aljihu ta miƙa masa. "Tada ta. Tun da ya tafi ban ji ƙararta ba."

Ya murɗa. Injin ya yi tari, ya sake tari, sai ya kama da wani gurnani har cikin ƙirjina. Tsohuwar ta dafa bango, hawaye na zuba tana murmushi. Kuɗin da ta faɗa Alhaji bai taya ba, abin da ban taɓa gani ba a zamana da shi.

Ta ce duk bazara mijinta yakan fita da ita bakin kogi a cikin motar. Alhaji ya zagaya ya buɗe mata ƙofa. Ni aka cusa ni baya, gwiwoyina a haɓa, ina ta mita ba mai saurarona. Muna kan hanya ya waiwayo, da Hausa.

"Hajiya, baɗi in Allah ya kai mu, da motar za mu zo mu ɗauke ta. Sai na sake wannan madubin kafin nan."

Na kau da kai wajen taga don kada ya ga idona. Tun da aka fito da shi daga asibiti ban ji ya ce baɗi ba sai ranar.