Inda Baba Yake Ajiye Shinkafa

Muna idar da sallar asuba muka kama hanya, ranar Asabar ɗin da ta wuce, daga gidanmu na Pleasant Garden zuwa bakin teku a gefen Wilmington. Mu uku ne: ni a kan sitiyari, Mama a gefena, sai aminiyarta a baya, 'yar zangon Kumasi, wadda tun ina ƙarama nake kira Anti. Ta huɗunmu ita ce 'yar tirelar Baba. Ga waɗanda ba su san irinta ba, ba tirelar dakon kaya ba ce. Ɗaki ne ƙarami mai taya biyu, da gado da murhu da 'yar taga, ana ɗaura shi a bayan mota a ja.

Shekara biyu ta yi a tsaye a gindin bishiyar bayan gida, tun rasuwar Baba. A da, duk kaka yakan ajiye babbar motar da yake tuƙawa ya kai mu teku kwana biyu, kuma rabin abin da nake tunawa na yarintata a cikin wannan ɗakin ya faru. Wani bawan Allah a masallaci ya daɗe yana roƙon Mama ta bar masa ita. Mama ta kusa yarda, don a ganinta ajiye abin da ba a mora ɗaukar alhaki ne. Na roƙe ta ta ba ni tafiya ɗaya. Ta ce to, in na kai mu na dawo da mu lafiya, tirela ta zauna. In abin ya fi ƙarfina, ta tafi inda za a amfana da ita. Ban taɓa jan komai a bayan mota ba a rayuwata.

Kwana uku kafin tafiyar, wani Alhaji abokin Baba, makanike mutumin Nijar, ya zo ya koya mini ɗauri. Ya fara da sauya tayoyin, ya ce tayar da ta daɗe a tsaye ta fi wadda ta sha tafiya mugunta. Sannan ya nuna mini ƙwallon ƙarfen da ke bayan mota da kokon bakin tirela da ke zama a kansa, ya sa na karanta lambar da ke jikin kowanne don in ga girmansu ɗaya ne. Na sauke jak har koko ya haɗiye ƙwallo, na danna sakata, na zura fil. Na ɗauka na gama. Ya ce in sake ɗaga jak ɗin: in bayan mota ya biyo tirela sama, ta kama da gaske, in kuwa koko ya zame, to ɗorawa kawai na yi. Sarƙoƙi biyu kuma a gicciye ake maƙala su ta ƙasa, don ko ɗauri ya kwance bakin tirela ya faɗa a kansu, kada ya caki kwalta. Akwai siririyar wayar birkin gaggawa, ita a jikin mota ake kama ta, ita kaɗai, ba a jikin sarƙa ba. Sau biyar ya sa na kwance na ɗaura. Abu ɗaya ne bai faɗa mini ba, don a lokacin tirelar ba kowa ba komai a cikinta, kuma bai zaci sai an faɗa wa 'yar direba ba.

Ranar Juma'a ina wurin aiki Mama da Anti suka yi lodi. Mama ba ta zuwa garin da muke da dangi hannu rabbana, kuma akwai ƙanwar Baba a Wilmington. Suka je kantin kayan gida a titin Gate City Boulevard suka dawo da buhun shinkafa, da doya, da jarkar manja. Ga jarkokin ruwa, ga kula cike da ƙanƙara da kaji, ga ɗan turmi, don Anti ta rantse ba ta cin yajin da inji ya niƙa. A gaban tirelar, daidai saman inda take haɗuwa da mota, akwai wani dogon benci. Nan Baba yake zama in mun isa, ya miƙe ƙafa da kofin shayinsa. Mama ta goge bencin, ta shimfiɗa sallayarsa, ta ɗora hularsa da carbinsa. Ta ce wurin babanki ne, ba a jibga masa kaya. Duk sauran kayan sai suka koma can ƙurya ta baya.

Da asubar na leƙa na gani, abin ya yi mini kyau har sai da na share ido. Da na zo ɗauri kuma na ji jak yana juyawa sakayau, kamar ba ya ɗauke da komai, na ji daɗi, na ce ashe kwana ukun nan na yi ƙarfi. Anti ta tsaya a baya tana duba mini fitilu, ina kunna sigina tana ihu, "Dama! Hagu! Ja ya kama!" har karen maƙwabta ya amsa mata.

Hanyoyin unguwarmu a hankali ake bin su. Hazo yana kwance a kan ciyawa, gidaje can nesa da juna kowanne da fitila ɗaya a ƙofa, ganyaye sun fara juyawa ja da ruwan ɗorawa. Ina kallon tirela a madubi tana bin mu kamar akuyar da ta san gida. Mama tana jan addu'ar tafiya a hankali, irin yadda take yi a da, sai dai a da ina bayan mota ina gyangyaɗi, muryar Baba ce take amsa amin.

Mun hau babbar hanya mai lamba arba'in, na ƙara wuta kaɗan. Dab da Burlington wata babbar mota ta wuce mu ta hagu, iskarta ta buge mu. Tirela ta karkata dama, ta dawo hagu, ta sake komawa dama, kuma kowace komawa ta fi ta baya faɗi. Na ji bayan motar yana bin ta, sitiyari ya yi sako-sako a hannuna. Anti ta ɗora salati. Ƙafata ta tafi kan birki da kanta, sai na tuna Alhaji ya ce ko me ya faru kada in taka shi da ƙarfi. Na ɗaga ƙafa daga totur, na riƙe sitiyari a miƙe, na lalubi 'yar na'urar birkin tirela da ke gefen gwiwata na matsa. Ban san daƙiƙa nawa aka yi ba. Tirela ta lafa a hankali. Na bi hanyar fita ta farko na tsaya a filin wani gidan mai.

Anti ta ce, "Ei, Hajiya, mu koma gida. Teku ba ya gudu." Ni kuwa na san abin da komawa gida yake nufi: tirela ta tafi ke nan.

Na fita na duba duk abin da aka koya mini. Sakata a danne, fil a wurinsa, sarƙoƙi a gicciye, tayoyi lafiya. Na kira Alhaji na faɗa masa. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Ɗiyata, ina kuka sa shinkafa?"

Na ce wace shinkafa.

"Uwarki za ta je Wilmington ba shinkafa? Ina kuka sa ta?"

Na ce a baya. Da ruwa, da manja, da turmi.

"Turmi! La ilaha illallahu. To me ke gaba?"

Na ce sallayar Baba da hularsa.

Muryarsa ta sauka. Ya ce tirela tana son nauyinta a gaban tayoyi, don bakinta ya danne ƙwallo, kamar kashi goma zuwa sha biyar cikin ɗari na duk nauyinta ya sauka a wurin. In kaya suka taru a baya, baki ya yi sama, sai ta riƙa kaɗa wutsiya. Ya ce, "Ki tuna da kyau. Mahaifinki bai taɓa zama a bencin nan ba sai an isa. A hanya wa ke zama a kai?"

Sai na gani, tas, kamar jiya. Baba da asuba, shi kaɗai yake lodi, ba ya bari kowa ya taya shi. Buhun shinkafa a kan benci, jarkokin ruwa a ƙarƙashi, ya ɗaure su da igiya. Mama tana tsokanarsa wai yana sa shinkafa kusa da shi ne don kada a sace. Yana dariya, bai taɓa yin bayani ba. Mu kuma bencin da muka riƙe a zuciya shi ne na bakin teku, bayan an sauke kaya, da shayi da iska.

Faɗa wa Mama ya fi riƙe sitiyarin wuya. Na buɗe ƙofar tirela na ce, "Mama, sai mun ɗora kaya a wurin Baba." Ta daɗe tana kallon bencin. Sannan Mama ta hau da kanta, ta naɗe sallayar, ta sa hula da carbi a ciki, ta rungume su. Ta ce, "Ashe shekara ashirin ina zarginsa da rowar shinkafa." Muka yi dariya mu uku, irin dariyar da ake yi ana share hanci. Ni da Anti muka ja buhu zuwa gaba, tana faɗin bayanta ba na ɗiban kaya ba ne, na gado ne. Ruwa ya shiga ƙarƙashin benci, turmi ya kwanta a ƙasa kusa da tayoyi, muka ɗaure komai. Na gwada jak, ya yi nauyi har sai da na sa hannu biyu.

Daga nan na zauna a layin dama, ban ƙara yin gasa da kowa ba. Sannu ba ta hana zuwa. Manyan motoci suna wucewa, tirela ta ɗan girgiza ta koma daidai. Bayan Raleigh ƙasa ta shimfiɗe, gonakin auduga suka buɗe fari fat a hagu da dama, Mama ta ce kamar hanyar garinsu bayan damina. Wani wuri warin gonar aladu ya shigo, Anti ta toshe hanci da mayafi tana neman tsari. Mai ya fi saurin ƙarewa yanzu, mota mai jan ɗaki ba ta wasa da tanki, sau biyu muka tsaya. A tsayawa ta biyu muka tarar da wani dattijo yana sayar da dafaffiyar gyaɗa a babbar tukunya. Anti ta ji kuɗin ɗan kofi ɗaya ta ce a Kumasi da wannan sai a haɗa mata da tukunyar, amma ita ta cinye rabi. Baba ma a irin wurin nan yake tsayawa, yana cewa mutanen nan 'yan'uwanmu ne, ba su dai sani ba. Kowace tsayawa sai na zaga na taɓa sakata da sarƙa da tayoyi.

Mun isa bayan azahar. Na sa weji na tokare gindin tayoyi kafin in kwance ɗauri, kamar yadda aka koya mini. Gwaggo ta zo ta karɓi shinkafarta tana sa albarka, ba ta san abin da buhun ya kusa yi mana ba. Da benci ya zama fili, Mama ta sake shimfiɗa sallayar, ta yi la'asar a kanta, sannan ta zauna a wurin da kofin shayi. Ban taɓa ganin ta zauna a nan ba. Tekun yana nan yadda na bar shi, mai launin toka da safe, shuɗi da rana. Anti ta dafa waakye da shito, wato shinkafa da wake da soyayyen yaji irin nasu, muka ci da yashi kaɗan a ciki. Na yi tafiya mai nisa a bakin ruwa ni kaɗai, ina tuna yadda Baba yake naɗe ƙafar wando ya tsaya inda kumfa take ƙarewa, direban da ya ratsa ƙasar nan gabas da yamma amma bai yarda ruwa ya wuce masa idon sawu ba.

Ranar Litinin muka juyo, kuma ni na yi lodi. Hanyar dawowa ba ta da labari, alhamdulillahi. Abin da na koyo shi ne ɗauri mai kyau rabin aiki ne, sauran rabin yana cikin ɗakin, inda ido ba ya gani daga madubi. Duk mai shirin jan irin wannan, ya sa nauyi a gaban tayoyi, ya ɗaure shi, kuma in jak ya yi masa sauƙi kada ya yi murna. Na kuma koyi cewa akwai abubuwa da yawa da Baba yake yi mana a shiru, muna ɗauka ɗabi'a ce kawai.

Mun shiga Pleasant Garden da la'asar sakaliya. Saura abu ɗaya: mayar da tirela gindin bishiya da baya da baya. In na juya dama ta tafi hagu, in na gyara ta lanƙwashe. Sau bakwai na gwada, Mama a tsaye a ciyawa tana ba ni hannu, Anti tana ba ni akasin abin da Mama ta ce. A na takwas ta shiga, a ɗan karkace. Na kashe mota na zauna ina jiran hukunci. Mama ta zaga tirelar sau ɗaya, ta kakkaɓe wani ganye daga taga, sannan ta leƙo ta gilashina.

Ta ce, "Gobe in kin taso aiki ki sayo mata tamfol. Sanyi ya kusa."