Jitar Baba Haruna

Duk daɗewata a aikin sauti, akwai ranar da ban taɓa mantawa da ita ba, ranar da wani tsoho ya cire takalmi a shagon kayan kiɗa a Kano ya koya mini sana'ata. Ku yaran yanzu da kuke ganin ni gwani ne, ku saurara ku ji yadda gwanin ya sha kunya.

Lokacin ba a daɗe da ƙirƙiro Jigawa ba. Muna da ƙungiyar makaɗa a Birnin Kudu, mu takwas. Shugabanmu Alhaji Ɗanlami, shi ne mawaƙin, muna ce masa Ciyaman. Ni kuma, Sabo, ni ne mai kula da kayan sauti. Ƙa'idarmu ita ce in abu ya lalace a sanar da Ciyaman, ni in duba, in ya fi ƙarfin dalma in tafi Kano in sayo sabo. Ina ɗauke da takardar shaidar gyaran rediyo, saboda haka ko gaisuwa sai na ga dama nake amsawa.

Mai kaɗa mana jitar bes, wato babbar nan mai tsirkiya huɗu da kaurin murya, shi ne Baba Haruna, mutumin Surko. Da garaya ya fara tun yana saurayi. Yana da wata ɗabi'a: ba ya kiɗa a tsaye, sai ya cire takalmi ya haye kan akwatin sifikarsa ya zauna, ya dogara dugadugansa a jikin katakon. Kullum muna zolayarsa.

"Baba, yaushe ƙwan nan zai ƙyanƙyashe ne?"

Sai dai ya yi murmushi ya ci gaba da abinsa.

Wata Talata cikin damina jitar ta yi shiru. Na buɗe na ga fikof ne ya mutu. Fikof ɗan maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar waya, yana ƙarƙashin tsirkiyoyi, shi yake ɗaukar motsinsu ya kai wa amfilifaya, na'urar ƙara sauti. Danshi ya cinye wayar. Ga shi ranar Asabar direbobin tashar Gwaram sun gayyace mu bikinsu.

Baba ya ce, "Injiniya, ka tafi da ni Kanon mana."

Na ce, "Haba Baba, me ya haɗa garaya da lantarki? Ka huta kawai."

Laraba na isa shagon. Mai shagon ya shimfiɗa mini fikof kala uku: wani sabo fil mai amfani da batir, wani siriri mai ɗan ƙugi in an kunna, da wani tsohon kwance, baƙi, duk ya goge. Na saurari kowanne. Mai batir ɗin nan muryarsa tangaran, kowace tsirkiya ana jin ta daban. Shi na saya, ban ko ƙara kallon tsohon ba.

Alhamis muka yi gwaji. Kowa ya yaba sautin, ina ta hura hanci. Amma da aka shiga waƙa sai abu ya lalace. Mai ganga yana gabas, Baba yana yamma. Aka tsaya aka sake, har sau huɗu. Na murɗa maɓallin kaurin sauti har ƙarshe, sifikar ta fara karkarwa kamar tsohon kwano, dole na mayar. Ciyaman ya ajiye makirfo.

"Baba Haruna, ba na son in faɗa, amma tsufa ba ya sallama. In haka za a yi a Gwaram, to daga ranar fiyano zai riƙe mana bes."

Wallahi na ji ba daɗi. Mutumin nan ba shi da wata sana'a sai wannan da 'yar gonarsa.

Da kowa ya watse bayan la'asar, Baba ya yafuto ni. "Cire takalminka. Hau nan." Na haye akwatin, ya kaɗa tsirkiya mafi kauri.

"Me ka ji?"

"Sauti mai kyau."

"Wannan a kunne ne. A ƙafarka fa? A bayanka?"

Babu abin da na ji. Sai ya matso ya ce, "Kunnen hagun nan ya mutu tun kafin ka gama makarantarka. Na daman ma saura kaɗan. Da jikina nake bin kiɗa, Injiniya. In akwatin nan bai girgiza ni ba, ban san inda nake ba. Dan Allah kada Ciyaman ya ji."

Kai, ranar na raina kaina. Na zaɓo wa kunnena kaya, alhali ba ni zan kaɗa ba.

Juma'a da asuba muka hau mota tare. A shagon, Baba ya cire takalmi ya haye sifikar mutane. Mai shagon ya zaro ido.

"Malam, ga benci can!"

Na ce, "Rabu da shi, aikin ke nan."

Na riƙa ɗaura fikof ɗaya bayan ɗaya yana kaɗawa. Siririn, ya girgiza kai. Da na ɗaura tsohon baƙin nan kuwa, ya taɓa tsirkiya sau ɗaya, sai na ga ya lumshe ido, yatsun ƙafarsa suna motsi.

"Yauwa. Wannan ya san mutane."

Mai shagon ya karɓi nasa mai batir, yana ta mamakin wai mun bar doki mun hau jaki.

Asabar da yamma a tashar Gwaram, Baba ya haye akwatinsa. Tun bugun farko shi da mai ganga suka haɗe. Direbobi suka cika fili, har wani ƙaton mai tirela ya tuɓe hula yana juyi. Ciyaman ya waiga ya kalli Baba, ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ci gaba da waƙa. Ba a sake ta da zancen fiyano ba.

A hanyar dawowa ina kusa da Ciyaman a gaban mota. Don in gyara laifina sai na ce, "Ranka ya daɗe, zan sa a ɗinka wa Baba ɗan matashi a kan akwatin nan, katakon yana da tauri."

Ya juyo da sauri. "Kada ka kuskura! In ka sa masa matashi, da me zai ji?"

Na saki baki. Ya rage murya ya ce, "Tun kana gyaran rediyo na sani. Shekaranjiya na zaci jikin ma ya daina ji ne, shi ya sa hankalina ya tashi. Kuma kada ka gaya masa na sani."

Haka na zauna da sirri biyu, Baba da Ciyaman kowanne yana ɓoye wa ɗan'uwansa abu ɗaya, har Baba ya ajiye jita da kansa bayan shekaru. Tun daga ranar ban ƙara sayo wa makaɗi kaya ba sai da shi a gefena. Mitar awon lantarki tana gaya maka ƙarfin waya, amma yadda mutum yake jin kiɗansa sai ka tambaye shi. Kuma in kun ga wani a cikinku yana da wata ɗabi'a da ba ku gane ba, ku yi dariyarku, amma kada ku gyara masa ita.